Amfanin Fara Magani da Wuri ga Wanda ya Kamu da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Gabatarwa

A ranar 5 ga watan Yuni na shekarar 1981 ne hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Amurka ta buga wani ɗan gajeren rahoto game da wasu matasa maza su biyar a jihar Kalifoniya, waɗanda suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba a saba ganinsa ba sai a jikin mutumin da garkuwar jikinsa ta rushe. Wannan rahoto shi ne labarin farko da duniya ta samu na cutar nan da Hausawa suka laƙaba wa suna ƙanjamau, wasu kuma suka riƙa ce mata kabari-kusa. A shekarar 1983 masana a Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris na ƙasar Faransa, cikinsu har da Luc Montagnier da Françoise Barré-Sinoussi, suka gano ƙwayar da ke haddasa cutar, wadda daga baya aka raɗa wa suna HIV. A Nijeriya kuwa, an ba da rahoton samun cutar a karo na farko a shekarar 1986.

Sunan kabari-kusa ya dace da waɗancan shekaru, domin a lokacin babu magani. A yau akwai magunguna masu danne ƙwayar, har mai ɗauke da ita ya yi tsawon rai kusan daidai da na kowa. Amma tun ranar da aka sami maganin farko, wata tambaya ta hana likitoci sakat: mutumin da ya kamu da ƙwayar kwanan nan, wanda yake jin garau, yana cin abinci, yana zuwa aikinsa, shin a fara ba shi magani nan take ne, ko kuwa a jira sai jikinsa ya soma raunana? An shafe kusan shekara 30 ana wannan muhawara kafin bincike ya raba gardama. Wannan darasi zai bayyana abin da ƙwayar take yi a makonnin farko, da yadda magungunan suke aiki, da yadda masana suka kai ga amsar da ake aiki da ita a yau.

Yadda Ƙwayar Take Aiki a Jiki

HIV tana cikin jinsin ƙwayoyin cuta da ake kira bairos. Bairos ba ya iya hayayyafa da kansa, sai ya shiga cikin ƙwayar halittar wani mai rai ya mai da ita masana'antarsa. Ƙwayoyin halittar da HIV ta fi nema su ne wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4. Idan aka kwatanta garkuwar jiki da rundunar soja, to ƙwayoyin CD4 su ne hafsoshin da ke ba sauran dakaru umurni. A jikin mai lafiya akan sami tsakanin 500 zuwa 1,500 daga cikinsu a ɗan ɗigon jinin da bai wuce girman kan allura ba, watau maikrolita ɗaya.

Idan bairos ɗin ya manne wa ƙwayar CD4, sai ya zuba mata saƙon halittarsa, wanda yake rubuce a kan sinadarin RNA. Daga nan sai ya yi amfani da wasu kayan aiki guda uku da yake tafe da su. Na farko shi ne sinadarin kwafi, wanda ke juya saƙon daga RNA zuwa DNA, watau irin rubutun da ƙwayar halittar ɗan Adam take karantawa. Na biyu shi ne sinadarin ɗinki, wanda ke ɗinke wannan sabon rubutu a cikin DNA na mutumin. Na uku shi ne sinadarin yanka, wanda ke yayyanka kayan da ƙwayar ta sarrafa domin a harhaɗa sababbin bairos. Waɗannan su ne za su fita su kama wasu ƙwayoyin CD4, ita kuwa wadda ta haife su ba ta daɗewa sai ta mutu.

Idan ba a yi magani ba, adadin CD4 yakan yi ta raguwa sannu a hankali. Yawancin mutane sukan yi shekara 8 zuwa 10 ba tare da wata babbar alama ba. Da zarar adadin ya sauko ƙasa da 200, ko kuma wasu cututtuka na musamman suka bayyana, sai a ce mutum ya kai matakin ƙanjamau. A nan ne tarin fuka da sanƙarau da gudawa mai naci da wasu nau'o'in ciwon daji suke samun ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ke nan akwai bambanci tsakanin ɗauke da ƙwayar HIV da kuma ciwon ƙanjamau: na farko kamuwa ce, na biyu kuwa ƙarshen ɓarnar da ƙwayar ta yi ne idan aka ƙyale ta.

Makonnin Farko Bayan Kamuwa

Da can an ɗauka cewa ƙwayar kwanciya take yi a shekarun farko. A shekarar 1995 da 1996 ayyukan masana irin su David Ho da George Shaw da Alan Perelson suka nuna cewa ba haka abin yake ba. Ko a jikin wanda ba ya jin ciwon komai, akan ƙera sababbin bairos kimanin biliyan 10 a kowace rana, jiki kuma yana ta fama wajen maye gurbin ƙwayoyin CD4 da suke mutuwa.

Mafi tsananin wannan yaƙi a makonnin farko yake aukuwa. Cikin mako 2 zuwa 4 da kamuwa, yawan bairos a jini yakan haura miliyoyi a kowace mililita ɗaya. A daidai wannan lokaci ne yake hallaka kaso mai yawa na ƙwayoyin CD4 da ke jikin bangon hanji, inda mafi yawansu suke zaune, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa gaba ɗaya ko bayan shekaru. A lokacin ne kuma mutum ya fi saurin sa wa wani. Wani bincike da aka yi a kan ma'aurata a yankin Rakai na ƙasar Yuganda, wanda aka buga a shekarar 2005, ya nuna cewa haɗarin yaɗa ƙwayar a watannin farko ya ninka na shekarun da ke biye sau da yawa.

Mutane da yawa sukan ji alamu a wannan mataki: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala, ƙuraje a jiki, da kumburin kaluluwa. Alamun sukan wuce da kansu cikin mako ɗaya ko biyu. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kamar Nijeriya da Nijar, sau da yawa akan ɗauka shi ne, a sha maganinsa a ci gaba da harka. Saboda haka alamu ba su isa hujja ba, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa.

Shi ma gwajin yana da nasa sharaɗi. Gwajin gaggawa da aka fi yi a asibitoci sinadaran kariyar da jiki ya ƙera yake nema, jiki kuwa yana buƙatar lokaci kafin ya ƙera su, daga kamar kwana 23 har zuwa kwana 90. Gwajin ɗakin bincike mai neman wani ɓangare na jikin bairos ɗin tare da sinadaran kariya yakan gano shi tsakanin kwana 18 zuwa 45. Wanda ke neman RNA na bairos kai tsaye shi ya fi sauri, daga kwana 10 zuwa 33. Don haka wanda ya yi gwaji mako guda bayan abin da yake tsoro ya faru, aka ce ba a ga komai ba, wajibi ne ya sake komawa a lokacin da ma'aikatan lafiya suka ɗibar masa.

Yadda Magungunan Suke Aiki

Kowane ɗaya daga cikin magungunan HIV wani mataki yake tarewa a cikin hayayyafar bairos. Wasu suna lalata aikin sinadarin kwafi, wasu na sinadarin ɗinki, wasu kuma na sinadarin yanka. Na farko da aka amince da shi shi ne AZT, a watan Maris na shekarar 1987 a Amurka, kuma sinadarin kwafi yake tarewa.

Ba a daɗe ba aka lura cewa amfanin AZT shi kaɗai ba ya ɗorewa. Dalili kuwa shi ne sinadarin kwafi na HIV yana yawan kuskure, kuma daga cikin kurakuran nan akan sami wanda zai sa bairos ya daina jin magani. Ɗan lissafi zai fayyace wannan. A ƙaddara, don misali kawai, cewa a cikin kowane bairos 10,000 akwai guda ɗaya da ba ya jin wani magani. Idan ana ƙera biliyan 10 a rana, ke nan kullum za a sami miliyan 1 masu taurin kai, su kuwa za su hayayyafa su cika jiki. Idan aka haɗa magani biyu masu aiki daban-daban, sai bairos ya dace da kurakurai biyu a lokaci guda kafin ya tsira, watau ɗaya cikin 10,000 sau 10,000, wanda ya kama ɗaya cikin miliyan 100. Ko a hakan za a sami 100 a kowace rana. Amma idan magani uku ne, sai ya zama ɗaya cikin biliyan 1,000, adadin da ya ninka abin da jiki ke ƙerawa a rana sau 100. Tun da kuma magungunan suna rage ƙerawar ƙwarai da gaske, damar tsira takan ƙara ƙanƙancewa.

Wannan ita ce hikimar haɗa magunguna uku, wadda aka bayyana nasararta a babban taron duniya kan ƙanjamau da aka yi a birnin Bankuba na ƙasar Kanada a shekarar 1996. Lissafin nan kuma shi ne ke bayyana haɗarin tsallake shan magani: duk lokacin da ƙarfin magani ya ragu a jini, bairos yakan sami sararin hayayyafa da yin sababbin kurakurai.

Muhawara Kan Lokacin Farawa

A ƙarshen shekarun 1980 likitoci da yawa sun riƙa ba da AZT ga waɗanda ba su fara ciwo ba. Sai wani babban bincike mai suna Concorde, wanda Ingila da Faransa da Ailan suka gudanar, aka kuma buga sakamakonsa a shekarar 1994, ya nuna cewa bayan shekara uku waɗanda suka fara AZT da wuri ba su fi waɗanda suka jira tsawon rai ba. Wannan ya sanyaya gwiwar masu ra'ayin gaggawa.

A shekarar 1995 David Ho ya yi kira da a far wa ƙwayar da wuri kuma da ƙarfi, zuwan magunguna uku a haɗe kuma ya ƙara wa kiran nasa karɓuwa. Amma magungunan wancan zamani suna da wahalar sha. Mutum yakan haɗiyi ƙwayoyi fiye da goma a rana, wasu kafin cin abinci, wasu bayansa. Suna kuma da illoli masu yawa: ƙarancin jini, ciwon jijiyoyin ƙafa, tsakuwar ƙoda, gudawa, da zaizayewar kitsen fuska. Ga kuma tsada, domin maganin shekara guda a ƙasashen Turai da Amurka yakan kai dala 10,000 ko fiye. Saboda haka zuwa farkon shekarun 2000 sai ra'ayi ya sake juyawa, aka koma jira. A ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na wancan lokaci, wanda ba shi da alamun ciwo sai adadin CD4 nasa ya sauko zuwa 200 ake fara masa magani.

Wasu masana sun yi tunanin ko za a iya rage illa da tsada ta hanyar shan magani ana hutawa. Binciken SMART, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 5,000, ya gwada haka. Dole aka dakatar da shi a watan Janairu na 2006, domin masu hutawar sun fi kamuwa da cututtuka, sun kuma fi mutuwa. Abin mamaki, har ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta, waɗanda ake zargin magani ne ke jawo su, sun fi yawa a cikin masu hutawa. Daga nan aka fahimci cewa bairos ɗin da aka bari yana yawo a jini yana hura wa jiki wuta, ko da adadin CD4 bai faɗi ba.

A ɓangaren jarirai ma an sami darasi. Binciken CHER da aka yi a Afirka ta Kudu, aka buga a 2008, ya nuna cewa fara wa jariri magani tun yana ɗan makonni ya rage mutuwa da kashi 76 cikin 100 idan aka kwatanta da jira. Sannu a hankali Hukumar Lafiya ta Duniya ta riƙa ɗaga ma'auninta na manya: zuwa 350 a shekarar 2010, sa'an nan zuwa 500 a shekarar 2013.

Binciken da ya Raba Gardama

Abin da ya rage shi ne mutanen da adadin CD4 nasu ya haura 500, watau waɗanda garkuwarsu take da sauran ƙarfi, kuma a cikinsu ne ake samun yawancin sababbin kamu. Hanyar da kimiyya take bi wajen warware irin wannan tambaya ita ce a tara mutane masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kowane gida abu daban, sa'an nan a zuba ido a ƙirga abin da ya biyo baya. Amfanin ƙuri'a shi ne kada son ran likita ko na majinyaci ya shiga cikin rabon.

Haka aka yi a binciken START, wanda ya tara mutane 4,685 daga ƙasashe 35, dukkansu masu CD4 sama da 500. Gida ɗaya aka fara masa magani nan take, ɗaya gidan kuma aka ce ya jira sai adadin ya sauko zuwa 350. A watan Mayu na 2015 aka sanar da sakamako tun kafin wa'adin binciken ya cika, saboda bambancin ya fito fili. A gidan da ya fara da wuri, mutane 42 ne suka gamu da mummunan ciwo ko mutuwa, a gidan masu jira kuwa 96. Raguwar haɗarin ta kai kashi 57 cikin 100.

A shekarar dai aka buga sakamakon binciken TEMPRANO, wanda aka yi a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa a kan mutane fiye da 2,000. Muhimmancinsa ga Afirka ta Yamma shi ne an yi shi a inda tarin fuka da cututtukan bakteriya suka fi addabar masu ɗauke da HIV. Fara magani da wuri ya rage haɗarin mummunan ciwo ko mutuwa da kashi 44 cikin 100, shan maganin rigakafin tarin fuka na wata shida kuma ya ba da tasa kariyar daban.

Bisa waɗannan hujjoji, a watan Satumba na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara magani ga duk wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da HIV, komai adadin CD4 nasa. A 2017 ta ƙara da cewa a fara cikin kwana 7 da tabbatarwa, wanda ya shirya kuwa a fara masa a ranar. Akan ɗan jinkirta ne kawai a wasu yanayi na musamman, alal misali wanda ya zo da sanƙarau irin wanda wani nau'in fumfuna ke haddasawa, inda ake fara magance sanƙarau ɗin tukuna na wasu makonni.

Me ya sa Ba a Warkewa Gaba Ɗaya?

Mai karatu zai iya tambaya: idan magani yana danne bairos har gwaji ya kasa ganinsa a jini, me ya hana a daina sha? Amsar tana ga aikin sinadarin ɗinki. Wasu daga cikin ƙwayoyin CD4 da aka ɗinka wa rubutun bairos ba sa mutuwa, kwanciya suke yi kamar iri a ƙarƙashin ƙasa lokacin rani. Magani ba ya taɓa su, domin bairos mai hayayyafa kaɗai yake tarewa. A shekarar 1997 ƙungiyoyin masana uku a Amurka, ciki har da ta Robert Siliciano, suka tabbatar da wannan maɓoya a jikin masu shan magani. An ƙiyasta cewa maɓoyar tana ɗaukar kimanin wata 44 kafin ta ragu da rabi, ke nan za a shafe fiye da shekara 60 kafin ta ƙare.

Maɓoyar tana kafuwa ne tun kwanakin farko na kamuwa. Wanda ya fara magani da wuri yakan kasance da ƙaramar maɓoya, wannan kuwa ya sa masana suka yi fatan ko gaggawa za ta iya kai wa ga warkewa. An sami labarai masu ƙarfafa gwiwa. A shekarar 2013 masana a Faransa suka ba da rahoton mutane 14 da suka fara magani cikin makonni 10 na farko, suka sha na kimanin shekara uku, suka daina, amma jikinsu ya ci gaba da danne bairos na shekaru. A shekarar ce kuma aka ji labarin wata jaririya a jihar Misisifi ta Amurka, wadda aka fara wa magani tana da awa 30 a duniya. An daina ba ta tana da wata 18, ta yi wata 27 ba a ga bairos a jininta ba. Sai dai a shekarar 2014 ya sake bayyana.

Wani bincike a birnin Bankok na ƙasar Tailan ya ƙara jan kunne. Mutane 8 da aka fara wa magani tun a matakin farko ƙwarai, kafin ma jikinsu ya ƙera sinadaran kariya, sun dakatar da shi a ƙarƙashin kulawar likitoci bayan shekaru suna sha. Dukkansu bairos ya dawo musu cikin makonni kaɗan. Haka kuma binciken SPARTAC, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa ba sabon kamu magani na mako 48 sa'an nan a tsaya yana ɗan jinkirta lalacewar garkuwa ne kawai. Abin da aka fahimta daga waɗannan duka shi ne: fara magani da wuri yana kare garkuwa, yana rage girman maɓoya, amma ba ya kawar da ita. Irin mutanen nan na Faransa ƙalilan ne, kuma ba a san yadda za a gane su tun kafin a dakatar da magani ba. Saboda haka wanda ya fara, zai ci gaba ne har tsawon rayuwarsa, duk kuwa wanda ya ce yana da maganin da ke warkarwa cikin makonni, yaudara yake yi.

Kariya ga Iyali da Al'umma

Amfanin magani bai tsaya ga mai shansa ba. Tun a shekarar 1994 wani bincike a Amurka da Faransa ya nuna cewa ba mai juna biyu da jaririnta AZT ya rage yaɗuwar ƙwayar daga uwa zuwa ɗa daga kimanin kashi 25 zuwa kashi 8 cikin 100. Da magungunan yau, idan uwa ta fara da wuri kuma ta riƙe, haɗarin yakan sauko ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

A shekarar 2011 aka fitar da sakamakon binciken HPTN 052, wanda ya ƙunshi ma'aurata da abokan zama 1,763 a ƙasashe 9, inda ɗaya yake ɗauke da ƙwayar ɗaya kuma ba ya ɗauke da ita. Daga cikin mutane 28 da aka tabbatar sun kamu daga abokan zamansu, 27 suna gidan da aka jinkirta magani, guda ɗaya tak yake gidan da aka fara da wuri. Raguwar ta kai kashi 96 cikin 100. Binciken PARTNER da aka yi a Turai, aka buga a 2016 da 2019, ya ƙara tabbatar da cewa wanda magani ya danne masa bairos ƙasa da 200 a mililita ɗaya ta jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Yawanci ana kai wa wannan matsayi cikin wata shida da fara magani, kuma gwajin yawan bairos ne ke tabbatar da shi.

Akwai kuma wata gaggawar da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Wanda allurar da aka yi wa mai ɗauke da ƙwayar ta soke shi, ko wadda aka yi wa fyaɗe, idan suka isa asibiti cikin awa 72 ana iya ba su waɗannan magunguna na kwana 28 domin hana ƙwayar kafuwa tun farko. Gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon ƙarfin kariyar.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Gwamnatin Nijeriya ta fara shirin ba da magungunan HIV a shekarar 2002, ta mai da su kyauta a 2006, sa'an nan a 2016 ta rungumi tsarin fara magani ga duk wanda gwaji ya tabbatar. Babban binciken ƙasa da aka yi gida-gida a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, aka kuma ƙiyasta jimillar masu ita a lokacin da kimanin miliyan 1.9.

Maganin ma ya sauƙaƙa. Wanda aka fi bayarwa ƙwaya ɗaya ce a rana, mai ɗauke da magunguna uku: tenofovir da lamivudine, masu tare sinadarin kwafi, da dolutegravir, mai tare sinadarin ɗinki. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke da dolutegravir a matsayin maganin farawa, saboda yana danne bairos da sauri, illarsa kaɗan ce, kuma bairos yana shan wuya kafin ya bijire masa.

Babban cikas a yau shi ne jinkirin gwaji. Tsoron tsangwama yana sa mutane da yawa su ƙi zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da su, alhali a lokacin an riga an yi asarar shekarun da magani ya fi amfani. A nan malaman makaranta suna da rawar takawa, ta hanyar fahimtar da ɗalibai cewa ba a ɗaukar HIV ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a benci ɗaya, ko cizon sauro. Hanyoyinta sanannu ne: saduwa ba tare da kariya ba, jini da kayan da suka taɓa jini kamar allura da reza da aska, da kuma daga uwa zuwa ɗa lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ɗalibin da yake shan maganinsa kullum bai cancanci ƙyama ba, taimako ya cancanta wajen riƙe lokacin sha.

Kammalawa

Tarihin wannan muhawara ya nuna yadda kimiyya take gyara kanta. An yi gaggawa da magani guda, bincike ya nuna bai wadatar ba. An koma jira saboda illa da tsada, bincike ya nuna jiran yana da tasa ɓarna. Da magunguna suka inganta, aka sake aunawa da dubban mutane, sai sakamako ya tabbatar da cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya san matsayinsa da wuri, ya fara magani nan take, ya kuma riƙe shi ba fashi, ya tsare garkuwar jikinsa, ya kare matarsa ko mijinta, ya kuma kare 'ya'yan da za a haifa. Matakin farko na duk wannan shi ne gwajin jini.

Tambayoyi Don Nazari a Aji

1. A bayyana bambancin da ke tsakanin ɗauke da ƙwayar HIV da ciwon ƙanjamau.

2. A kawo kayan aiki uku da bairos yake amfani da su wajen hayayyafa, tare da aikin kowanne.

3. Idan da a ce bairos ɗaya cikin 1,000 ne ba ya jin kowane magani, ɗaya cikin nawa ne zai bijire wa magani uku a haɗe?

4. Me ya sa ake raba mutane ta hanyar ƙuri'a a bincike irin na START?

5. Idan maɓoyar bairos tana raguwa da rabi a kowane wata 44, kashi nawa cikin 100 zai rage bayan wata 132?

6. Wane darasi aka koya daga labarin jaririyar Misisifi da kuma binciken birnin Bankok?